Ƙofa Ta Ɗari Huɗu da Arba'in da Uku

Kawu Harisu ya ce, "Ina gajimaren yake?"
Na ce, ba irin mai tasowa daga Habasha ba,
mai jiƙa baƙar ƙasar Gadarif har ta riƙe tayar tarakta.
Wannan ɗaki ne mai sanyi a wata ƙasa,
ban taɓa ganinsa ba, haya nake biya.
Ya ce, "Wato kin kai littafina gidan haya."
Ya kurɓi jabana, bai ƙara ba.

Shekara talatin da ɗaya littafin na kwana ƙarƙashin gadonsa:
riɗin kowa, dawar kowa,
wanda ya biya, wanda ya ce sai kaka,
wanda kaka ta zo ta wuce bai leƙo ba.
Wata huɗu ina kwashe shi cikin manhaja,
suna bayan suna, har idona ya yi ja.

Manomi a Doka ya gaji da hawa bayan akori-kura
don kawai ya ji buhu nawa ya rage masa.
Shi ya sa daren Laraba na ce bari in buɗe.
Biyu saura kwata wuta ta dawo,
fanka ta yi tari, ta kama juyi.
Na rubuta layi ɗaya:
kowa, daga ko'ina.
Na danna.

Ƙyaure bai yi ƙara ba.
Ko karen maƙwabta bai ɗaga kai ba.

Minti goma sha ɗaya, baƙon farko ya iso,
ba sallama, ba takalmi a bakin zaure.
Lamba ce tsirara mai ɗigo uku,
ta murɗa mariƙi, ta gwada ɗaya biyu uku huɗu, ta wuce.
Wata ta zo. Wata ta bi ta.
Ba su san riɗi ba, ba su san Kawu ba,
ƙiyayya ma ba su yi mana.
Gara ce, tana bin kowace katanga a duniya
tana laluben inda ta yi laushi.

Ina kallo ina murmushi, don ƙofar gaba da kwaɗo,
sai gabana ya faɗi.
Ƙofar rumbu.
Tun ranar gwaji na bar ta a sake,
na ce gobe, goben ta yi wata biyu.

A rumbun akwai shafi na casa'in.
Bakhita, matar marigayi Idrisa, buhu tara: an biya.
Malam Zubairu ladan, kuɗin iri na damina uku: an biya.
Ba su suka biya ba.
Na san hannun da ya rubuta, na san aljihun,
'ya'yan cikinsa ma ba su sani ba.
Asirin da ya rufa da tawada
ni na shanya a igiya, a bakin hanyar duniya.

Na rufe. Yatsuna na rawa na rufe.
Na canza mabuɗi, na sake canzawa,
na bi katanga ina shafawa kamar mai neman kunama,
na bar ƙofa ɗaya, ƙunƙuntacciya, mai tambayar suna.

Da hantsi saƙo ya shigo daga Doka:
"Na ga buhunana, sha bakwai cif. Alƙasim ne."

Na faɗa wa Kawu komai, har da mintocin.
Ya daɗe yana kaɗa cokali a kofin da ba sukari.
Ya ce, "Mai baza haja ya yarda da ido, Hansatu.
Aljihu ne ba a bazawa."
Sannan, can ƙasa, "Sun karanta?"

Kundin shige da fice ya nuna sawu huɗu a bakin rumbu.
Bai nuna abin da ido ya ɗauka ba.

Na ce, ban sani ba, Kawu.
Ya miƙe, ya nufi ma'auni,
ana sauke riɗin Gallabat.